Laifin Layin Tsakiya da Na Ƙi Ɗauka a Ingila

Kwanana goma a Ingila Alhaji Dauda ya miƙo mini makullin mota. Muna tsaye a bayan ofishinsa, ana irin yayyafin nan nasu da ba ya jiƙa mutum nan take, sai dai ya bi shi a hankali har sanyi ya kai ƙashi. Ya nuna wata ƙaramar mota ruwan toka ya ce, "Ga abokiyar aikinki. Gobe gida shida ke jiranki."

Na ce, "Alhaji, a Yendi ai cewa ka yi a gidan tsofaffi zan yi aiki, wuri ɗaya."

Ya ce, "To, waɗannan ma tsofaffin ne, sai dai kowa yana gidansa. Ba kina da lasisi ba?"

Ina da shi. Sunana Adiza, haifaffiyar Salaga ce ni. Na yi shekara shida ina taimaka wa nas-nas a wani ƙaramin asibiti a Yendi kafin aure ya kai ni Bawku. Mijina Inusa albasa yake saye da sayarwa, yana da wata tsohuwar a-kori-kura. Da ciwon ƙafa ya matsa masa, ni na koyi tuƙi na riƙa kai masa kaya Garu ranar kasuwa. Wannan lasisin Alhaji Dauda ya gani a cikin takarduna, shi ya sa ya zaɓe ni. Sai daga baya na gane haka. A lokacin na ɗauka don na yi jinyar mahaifiyarsa ne a Yendi.

Shi ɗan Yendi ne da ya daɗe a can, har ya buɗe kamfanin tura mata gida-gida su kula da tsofaffi. Duk Babbar Salla sai ya dawo gida da manyan riguna, ya yanka sa, ya koma da sunayen mata biyu ko uku. Ɗakin da ya ce zan samu ni kaɗai ashe rabin ɗaki ne, a gidan da mu takwas muke ciki, dukanmu daga arewacin Ghana. Abokiyar ɗakina Memuna 'yar Dagomba ce daga Yendi, Hausarta irin ta zango, kowa "kai" ne a bakinta, mace da namiji. Ranar da na iso ta zubo mini tuwo ta ce, "Kai Adiza, zo ka ci. Garin nan in ba ka ci ba, sanyi zai ci ka."

Gidajen da aka ba ni a warwatse suke cikin garuruwa uku, kuma babu yadda zan kai ko'ina a kan lokaci sai ta babbar hanya. Hanya ce mai layi uku na tafiya, uku na dawowa. Wanda ya koyi tuƙi tsakanin Bawku da Garu, ko ya taɓa bin hanyar Salaga zuwa Bimbila, ya san inda direba mai hankali yake tsayawa. Gefen kwalta ya zaizaye, akwai awaki, akwai babura, akwai mai keke da doya ta yi masa nauyi. Tsakiya ake bi, sai ka hango mota tafe sannan ka kauce. Hannuna da idona haka suka saba.

A can kuma komai a juye yake. Direba yana zaune a dama, mota tana bin hagu. Layin hagu cike yake da tireloli, ga motoci suna shigowa ta gefe da gudu kamar ba su ga kowa ba. Layin dama kuwa na waɗanda suka gaji da duniya ne. Sai na shiga na tsakiya, na riƙe sitiyari da hannu biyu, na ce nan zan zauna har in kai.

Mako bakwai ina haka. Ana haska mini fitila daga baya, ana danna mini oda. Wani mutum ya wuce ni ta hagu yana buga goshinsa da yatsa. Wani direban tirela ya matso bayana har ba na ganin komai a madubi sai ƙarfen gaban motarsa. Ina isa gidan tsoho a firgice, ba na iya ɓalle masa maɓallin riga. Abin da na gaya wa kaina shi ne sun ga mayafi ne, sun ga baƙar fata. Ban taɓa tunanin akwai abin da nake yi ba daidai ba. Ba na gudu, ba na waya, ba na taka layi. Mene ne laifina?

'Yar sanda ce ta gaya mini. Wata Alhamis da hantsi na ga shuɗiyar fitila a bayana, aka yi mini alama in bi su, muka sauka daga babbar hanya muka tsaya. Mace ce ƙarama, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta ce sun daɗe suna bina, layin hagu babu kowa, ni kuma ina tsakiya, motoci sun yi jerin gwano a bayana.

Na ce, "Ban wuce ƙa'idar gudu ba."

Ta ce, "Ba gudu muke magana ba. Kin tare hanya. Wa ya koya miki tuƙi a ƙasar nan?"

Na ce ba kowa. Ta dube ni, ta dubi sunan kamfanin da ke jikin rigata. Aka ci ni tara, aka rubuta mini maki uku na laifi. A can kowane laifin tuƙi yana da makinsa, in suka taru sai a karɓe lasisi.

Da na kai wa Alhaji Dauda takardar, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya kira matan da ke ofis ya karanta musu. Daga ranar sunana ya koma Adiza ta Tsakiya. Bai tambaye ni ko na fahimci laifin ba, ni ma ban fahimce shi sosai ba.

Cikin tsofaffina akwai Mista Tom. Ya haura tamanin, shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa hannun hagu, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana wani gari. Kullum ƙarfe goma nake zuwa in yi masa wanka, in ba shi magani da abin karyawa. Da farko ba ma shiri. Shayina ya yi ruwa, tawul ya yi sanyi, sunana ma ya ce ba zai iya faɗa ba. Washegarin ranar da aka tsayar da ni na zuba masa shayi har ya tumbatsa a faranti. Ya dube ni ya ce, "Wa ya mutu?"

Na ce ba kowa. Ya ce to mene ne? Ban san dalili ba, sai na gaya masa.

Ban taɓa ganin fuskarsa ta waye kamar ranar ba. Ashe shekara arba'in ya yi yana tuƙin tirela a kan waɗannan hanyoyi. Ya ce in ture kwanukan gefe. Mayafin teburinsa yana da ratsi-ratsi, ya zaɓi uku ya ce su ne layuka. Ya sa na ɗauko kwalayen maganinsa. Babban kwali shi ne tirela, ƙaramin shi ne ni.

Ya ce, "Hagu nan ne gidanki. Nan kike zama. Na tsakiya da na dama aro ne, ki shiga ki wuce wanda ya fi ki jinkiri, ki koma gida."

Na ce, "Amma hagu nan tireloli suke."

Ya ce, "Tsaya ki gani." Ya tura babban kwalin da hannunsa mai lafiya. "Ga ni da kaya mai nauyi, na tarar da wani a gabana yana rarrafe, ina so in wuce shi. Na duba tsakiya, ga ki nan zaune, ba ki wuce ba, ba ki ba ni wuri ba. Layin dama doka ta hana tirela shiga. Ina zan bi? Ke ɗaya kin rufe layi biyu. Duk wanda ke bayanki sai ya matsu a layi ɗaya, mai gajeren haƙuri kuma ya bi ta hagunki, ta inda madubinki ba ya nuna miki. Ranar da kika ga dama kika koma hagu ba ki waiwaya ba, ranar za a kwashe ku."

Sannan ya ce ya taɓa tsayawa a kan irin wannan haɗarin, ya riƙe hannun wata mata har motar asibiti ta iso. Bai ƙara bayani ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ce masa masu shigowa ta gefe su ne ke firgita ni. Ya ce ai allon gefen hanya yana gaya mini tun daga nesa. In hango su da wuri, in sassauta ko in matsa tsakiya in ba su wuri, da na wuce mahaɗar in koma. Madubi, sigina, waiwaye, sannan sitiyari. Ya sa na maimaita har sau biyar kamar ina gaban malamin allo.

Daga ranar kullum na shigo, kafin gaisuwa sai ya ce, "Sau nawa kika fita, sau nawa kika koma?" In na ce na wuce tirela uku na koma sau uku, sai ya gyaɗa kai. Ya koyi faɗin sunana. Aka daina haska mini fitila, kuma na ji kunyar zargin da na yi wa mutane, ko da yake wasunsu sun cancanta ta wasu hanyoyin.

Sauran rayuwar ba ta sauya ba. A mota nake cin abinci, shinkafa da wake mai sanyi, a wurin ajiye motoci tsakanin gida na uku da na huɗu. A mota nake sallar azahar a zaune. 'Ya'yana mata biyu suna Salaga wurin mahaifiyata, Mma. In na kira, sai ta riƙe wayar ta yadda ba na ganin komai sai goshinta da rufin kwano, ina jin luguden sakwara a bayanta. Lokacin sabuwar doya na kira na ji ƙaramar tana kiran ƙanwata "Mma Ƙarama", ni kuma da aka miƙa mata wayar ta gaishe ni kamar baƙuwa. Na kashe wayar na shiga gidan wata tsohuwa na yanke mata farce.

Lasisin Ghana shekara ɗaya kawai yake aiki a can, don haka na shiga jarrabawarsu. Na faɗi a karon farko, na ci a na biyu. Ranar da na gaya wa Mista Tom, ya ce in zauna. Ya dafa bango ya tafi kicin, ya haɗa mini shayi da hannu ɗaya, rabi a kofi rabi a ƙasa. Tunda na shiga ƙasar ba wanda ya taɓa ce mini zauna a kawo miki.

Wata huɗu bayan haka Alhaji Dauda ya kira ni ofis. Ya jawo mini kujera, ya rufe ƙofa, ya ce, "Ƙanwata, ya yara?" Bai taɓa kirana ƙanwarsa ba.

Wasiƙa ce daga 'yan sanda. Wani direba ya ɗauki bidiyon motarmu ruwan toka da kyamarar gaban motarsa ya tura musu. Tana layin tsakiya tana tafiyar hawainiya, hagu babu kowa, tana karkata tana dawowa kamar mai tuƙin hankalinsa na wani wuri. Ranar Talata ce, goma da rabi na safe. Suna tambaya wa ke tuƙi.

Na tuna ranar sarai. Motar Alhaji tana wurin makaniki, sai ya karɓi tamu, ya sauke ni a ƙofar Mista Tom ya ce zai je ya dawo.

Na ce, "Alhaji, ai kai ne."

Ya ce, "Na sani. Waya nake amsawa, ta aikinku ce ma. Adiza, makina sun kusa cika. In aka ƙara mini waɗannan, sun karɓe lasisina, kamfani ya tsaya, ku duka kun tsaya. Ke kuwa uku gare ki. Kuma irin laifinki ne, suna gani za su yarda."

Na ce masa sabon direba in makinsa suka kai shida a shekara biyun farko, lasisin ya tafi, sai ya sake jarrabawa daga tushe. Uku da uku shida ne.

Ya ce, "Sai in ba ki gidajen kusa, ki riƙa zuwa a ƙafa."

Na ce, "Ba ni na yi ba."

Ya jingina da kujera. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Takardar zamanki a ƙasar nan, sunan wane kamfani ne a kai? Ki je ki yi tunani. Ni na ɗauko ki daga kan buhun albasa."

Na yi tunanin kwana uku. Memuna ta ce, "Ka sa hannu mana. Lasisi ne kawai, ba rai ba ne. Kowa a gidan nan ya haɗiye wani abu." Na kira Inusa a Bawku, ya ce in yi haƙuri, Alhaji babban mutum ne, gaba zai tuna da alherin. Na kira Mma, na yi ta ƙoƙarin bayyana mata maki da layi, ba ta gane ko ɗaya ba. Ta ce, "Ke kika yi?" Na ce a'a. Ta ce, "To me kike tambayata?"

Mista Tom kuwa ransa ne ya ɓaci har ya ture faranti. Ya ce ɗaukar laifin wani a gaban hukuma ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarsu, in aka gano, mai bayarwa da mai ɗauka duk suna iya shiga kurkuku. Ya ce, "Kuma a ce ke ce a tsakiya, bayan duk wahalar da na sha a kanki?"

Ba zan ce tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba. Akwai tsoron kurkuku. Akwai kuma wani abu mai kama da girman kai. Abu ɗaya na koya a ƙasar nan da gumina, na iya shi, kuma shi ake so in sa hannu cewa ban iya ba. Na koma na ce wa Alhaji Dauda ba zan sa ba.

Ya ce, "To." Ya rubuta sunana ya aika musu ba da sanina ba.

Da wasiƙar ta zo da sunana, na kai wa Mista Tom. Ya kira 'yarsa. Akwai littafi a kowane gida da muke rubuta lokacin shiga da fita da maganin da muka bayar, ga rubutuna na ranar. Akwai kuma ƙaramar kyamara a ƙofarsa da 'yar ta sa, ta nuna na shiga goma saura, ban fito ba sai sha ɗaya ta wuce, ta nuna har motar tana tafiya bayan ta sauke ni. 'Yar tasa ce ta haɗa komai ta taya ni rubuta amsa.

Wallahi abin da na zata shi ne za su ce ba ke ba ce, magana ta ƙare. Ban yi ƙarar kowa ba. Na ce ba ni ba ce, na nuna inda nake.

'Yan sanda suka wanke ni, suka juya kan Alhaji Dauda. Daga wannan wasiƙa aka shiga tono. Jami'an shige da fice suka zo ofis suka kwashi takardu, suka tarar da abubuwan da mu muka daɗe da sani muna shiru: awoyin aiki da ba su ne a rubuce ba, mata da aka kawo ba a ba su aikin ba. Aka soke izinin kamfanin na ɗauko ma'aikata daga waje. Kowaccenmu ta samu wasiƙa: kwana sittin ta nemi wani kamfani da zai tsaya mata, in ba ta samu ba ta bar ƙasar.

Ranar matan gidanmu suka juya mini baya. Na ɗora tukunya na shiga wanka, na fito na tarar an sauke ta an ajiye a ƙasa. Ba wadda ta zage ni a fuska. In na shigo kicin sai a fita. Memuna ta juya gadonta ya fuskanci bango. A zauren waya na 'yan Yendi mazauna can aka sa hotona, aka rubuta cewa ga wadda aka yi wa alheri ta kai ubangidanta wurin Turawa. Ba wanda ya rubuta cewa shi ne ya sa sunana a kan laifinsa.

Uku daga cikinmu suka samu wasu kamfanoni. Ni na nema har na gaji. Na Turawa suna cewa ba gurbi, na mutanenmu kuwa da na faɗi sunana sai a ce za a kira ni. An karɓe makullin motar, an hana mu zuwa gidajen tsofaffin. Duk da haka na hau bas biyu na je gidan Mista Tom. Labule a sauke, ba kowa. Na kira 'yarsa, ta ce da kamfanin ya tsaya ba a samu mai zuwa kullum ba, dole ta kai shi gidan tsofaffi kusa da ita. Ta ce ba ya son wurin. Ta ba ni haƙuri, na ba ta haƙuri.

Memuna ba ta samu kamfani ba, ta ce ba za ta koma Yendi hannu wofi ba. Kafin kwanakin su cika ta tattara ta tafi wani babban gari, inda za ta ɓace cikin mutane ba takarda. Ba ta yi mini sallama ba. Na dawo daga kanti na tarar gadonta babu zani, a kan akwatina kuma ga ƙunshi an ɗaure da tef, an rubuta: Uwana, Yendi.

Salaga na fara sauka. Mma ta zuba mini ruwa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce na yi fari amma ban yi ƙiba ba. Babbar 'yata ta rungume ni, ƙaramar ta tsaya a bayan turmi tana leƙe. Maƙwabta suka cika tsakar gida, idonsu a kan akwati ɗaya da na zo da shi. Wata ta tambaya yaushe zan koma. Mma ta amsa mata ta ce, "Ta dawo ke nan. Ku sha ruwa." Sati na yi kafin ƙaramar ta yarda in yi mata kitso.

Daga nan na bi ta Bimbila zuwa Yendi da ƙunshin Memuna a cinyata. Labarina ya riga ni isa. Matar da na saba sayen koko da ƙosai a wurinta shekara shida ta amsa gaisuwata tana kallon kasko. Na ɗauki babur zuwa gidan su Memuna. Mahaifiyarta, Mma Sanatu, tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɓare gyaɗa, 'ya'yan Memuna uku a wurinta suke. Na durƙusa na gaishe ta na miƙa ƙunshin. Ta buɗe: rigar sanyi, man zafi na gwiwa, takalman yara.

Na daɗe a durƙushe. Ba ta ce in zauna ba, ba a kawo mini ruwa ba. A ƙasarmu ko wanda ya zo da mugun labari ana ba shi ruwa kafin ya buɗe baki.

Can ta ce, "An ce gaskiya kika faɗa."

Na ce, "E, Mma."

Ta ce, "To, ga ki kin dawo da gaskiyarki, kina ganin 'ya'yanki. Tawa tana ina? In na mutu, ta wace hanya za ta zo?"

Na so in ce ba ni na yi tuƙin ba, ba ni na rubuta sunan wani ba, ba ni na yi ƙaryar takardu ba. Duk gaskiya ne, kuma babu ɗaya da zai amfane ta. Na ce Allah ya ba da haƙuri, na tashi. A hanyar tasha na wuce gidan su Alhaji Dauda, an yi masa sabon fenti. Na ji an ce shari'arsa ba ta ƙare ba, amma matarsa ta buɗe wani kamfanin da sunanta, kuma mutane suna ta kai takardun 'ya'yansu.

A Bawku Inusa ya tare ni a tasha yana ɗingishi. Bai yi mini faɗa ba. Da muka shiga gida ya ce ya gaya wa mutane hutu na zo, in taimaka masa in riƙa faɗin haka har magana ta lafa. Na ce masa ban ƙi Alhaji Dauda a can ba don in zo in yi ƙarya a nan. Ya ce, "Adiza, ke komai sai kin tsaya a kansa?" Tun daga ranar muna zaune lafiya, amma akwai maganar da ba ma yi.

Na koma kai albasa. Wata biyar ban ji daga kowa a can ba. Na tura wa Memuna saƙo sau uku cewa na kai ƙunshin, ana nuna ta gani, ba amsa.

Ranar wata kasuwar Garu, ina tsaye ana sauke buhuna, wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga lambar da ban sani ba. Na matsa bayan mota na kunna. Da farko ba na jin komai sai ƙarar motoci da iska. Sannan muryar Memuna ta fito, ta dushe kamar mai mura. Ba gaisuwa, ba sunana.

"Ka ga uwana da idonka. Su a gida suna ce mini yana lafiya, yana lafiya. Kai ba ka iya ƙarya ba, shi ya sa na tambaye ka. Ya rame?"

Na saurara sau uku. Na tuna wuyan Mma Sanatu, da yadda zobenta yake yawo a yatsa tana ɓare gyaɗa. Masu sauke kaya suna kirana in zo in duba buhun da ya fashe. Na danna wayar na kai bakina, na ce, "Memuna, ta rame."